Ranar da Aka Auna Jinin Dodo

Mazan ƙauyenmu ba sa ciwo. Ka tambaye su ka ji. Namiji zai kwana yana nishi har maƙwabta su kasa barci, gari na wayewa ya saɓi fartanya ya ce ai iska ce ta ɗan buge shi. Asibiti kuwa a wurinsu gidan masu ciki ne da masu goyo. In ka ga namiji a can, to ɗauko shi aka yi a amalanke, kuma ba ya cikin hayyacin da zai yi gardama.

Ni ce Zione, 'yar sa-kai ta lafiya a garinmu. Duk wata asibiti yakan taso ya same mu a gindin ɓauren ƙofar gidan mai gari. Aikina in share wurin, in rataya sikelin jarirai a reshe, in bi gida-gida ina kiran mata, in kuma ja musu waƙa kafin a fara allura don yara su manta da abin da ke jiransu. Sista Lusungu ce take zuwa a kan babur, da akwatin allurai a ɗaure a baya. 'Yar arewacin ƙasarmu ce, daga can wajen garin Rumphi, gajera, mai sauri, mai dariyar da ake jiyowa daga rafi. Harshenmu ta iya shi, sai dai takan murɗe wasu kalmomin, mu yi ta tsokanarta tana ramawa.

A bara ta fara zuwa da na'urar awon jini, wadda ake naɗa wa mutum a damtse ta matse shi. Mata suka miƙa hannu ba gardama. Maza suka hango daga nesa, suka sa mata suna mesa. Kafin wata ya zagayo labari ya cika gari cewa in mesa ta matse namiji takan zuƙe masa ƙarfi, ya koma gida matarsa ta fara kai ƙara wurin dangi. Ba wanda ya san wanda abin ya taɓa faruwa da shi, amma kowa ya san wani da ya san shi.

"Zione, wai ina mazan garin nan?" in ji Sista wata rana. "Yaƙi aka tafi?"

"Ga su can gindin mangwaro suna dara."

"Je ki ce ina kira."

"Sista, ki bar ni in mutu da mutuncina."

Ba ta haƙura ba. Ta kwashe ni muka shiga wurin mai gari, Gogo Nachisale, tsohuwar da ta ga jiya ta ga yau, kuma ba ta da haƙori ko ɗaya da zai hana magana fita. Ta saurari Sista har ƙarshe, ta shaƙi garin tabarta, ta yi atishawa.

"'Yata, mazan nan ni nake mulkinsu, amma ba sa jin maganata sai ranar rabon taki. Mutum ɗaya suke tsoro, shi ma ba mutum ba ne. In dodo ya miƙa wa mesarki hannu a gaban jama'a, wane ƙato ne zai ce shi ya fi dodo daraja?"

Sista ta tafa hannu don murna. Ni kuwa ban tafa ba, don na san dodon da za a ce ya fito.

Aka kai magana ga dattawan kurmi, masu riƙe da asirin dodanni, aka ja, aka ja, har tukunyar giya biyu ta ƙare kafin su yarda. Ina jin ba don lafiya suka yarda ba, don su ga yadda za a kwashe da mesa ne.

Ranar ta zo. Tun hantsi makaɗa suka ɗaure ganguna, mutanen ƙauyuka uku suka cika fage, har masu sayar da rake da soyayyen rogo suka baje. Ƙananan dodanni suka fara fitowa daga kurmin makabarta, suka kori yara, suka tayar da ƙura. Sannan aka sauya kiɗa, mata muka ɗauki waƙarsa, sai ga Sindidwala.

Sunansa kenan, ma'anarsa Ba-na-ciwo. Jar fuska ce ta itace mai manyan kumatu, da gashin zabi a ka, da tsummokara a ƙugu, jikinsa duk an shafe da farar ƙasa. Shi ne dodon fariya. Zai bugi ƙirji, ya nuna damtse, ya yi tari a ɓoye ya waiga ko an gan shi, jama'a su kwashe da dariya. A ƙarshe ya yi alkafura ya dira a gaban makaɗa, ƙasa ta amsa. Ba a taɓa binne wani babba a garinmu ba sai da ya raka shi.

A wurinmu dodo ba mutum ba ne. Daga ƙasa yake fitowa, can yake komawa. Ko kin gane tafiyar mijinki, ko kin ga yatsan ɗanki, ba ki ga komai ba. Kowa ya sani, ba wanda yake faɗa, kuma haka muke zaune lafiya tun kakanni. Amma ku da kuke nesa da kurminmu zan gaya muku: Sindidwala babana ne, Baba Malizani.

Ya zagaya mesa sau biyu yana karkarwar ƙarya, ya ɓuya a bayan Gogo, ya leƙo. Fage ya kaure da ihu. Sista ta nuna masa benci, ta ce ya zauna ya huta tukuna, don ba a auna wanda ya gama tsalle. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana fifita da ganye, mu kuma muka yi waƙa biyu muna jira. Wani daga cikin masu raka shi ya goge masa damtse da jiƙaƙƙen tsumma. Ni ce riƙe da na'urar, don haka na ga tabon ƙunar da ke wurin. Tabon nawa ne. Ina rarrafe na nufi tukunyar da ke kan wuta, ya tare da hannunsa.

Mesa ta matse, ta saki. Sista ta dubi lambar, dariyar da ke fuskarta ta ɗauke. Ta sake naɗawa, ta sake dubawa. Sai kawai ta miƙe tsaye, da muryar nan tata da ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

"Wane ne wannan mutumin? Ku cire masa abin nan, ina son in ga idonsa!"

Ganguna suka tsaya cak. Mai rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Na take mata ƙafa da iya ƙarfina, ta ce "Wash!" ta dube ni, sannan ta dubi fuskokin dattawa, ta gane ta yi ɓaranɓarama.

Gogo Nachisale ce ta cece mu. Ta juya ta dubi hagu, ta dubi dama.

"Wane mutum, 'yata? Ni dai ban ga mutum a bencin nan ba. Rana ce ta buge ki. Ku ba ta ruwa."

Dodo ya zabura, ya ɗaga damtse sama, ya ƙwalla da 'yar siririyar muryarsu ta dodanni: "Mesa ta ji tsoro! Mesa ta sake ni!" Makaɗa suka dawo da kiɗa, ya yi alkafurarsa, ya dira, ya ruga kurmi. Na ga ya ɗan yi tangaɗi a bakin hanya. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne.

Dabarar Gogo ta ci. Maza suka yi layi har bakin rijiya, kowa yana naɗe hannun riga yana cika baki. "Matsa da kyau, Sista, kada ki ji tausayina!" Wanda ya fi kowa yaɗa labarin zuƙe ƙarfi shi ne na farko, matarsa tana gefe tana cewa, "Auna shi, ba abin da za a rasa." Aka samu mutum huɗu da jininsu ya hau, aka ce su zo asibiti. Sista tana aiki tana leƙen damtsen kowa, amma wanda take nema bai shiga layi ba.

Da muka zo ɗaure kaya a babur ta jawo ni gefe.

"Zione, kin san shi."

"Dodo ne, Sista."

"Bar ni da dodo. Jininsa ya haura ɗari biyu, kuma a zaune, bayan ya huta. Kin ga yadda baffanki Kaliyati ya koma? Wannan yana bakin ramin. Tsalle ɗaya zai iya kai shi."

Baffa Kaliyati yayan babana ne, yana ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Shekara biyu kenan ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, sai an kwantar an tayar. Sunan yana kan harshena, amma in na faɗa na tona asirin kurmi da bakina. Za a ce 'yar Malizani ce ta kwance wa ubanta zane a kasuwa, dattawa su cire shi daga cikinsu, asibiti kuma ya yi sallama da gindin ɓaure, don ba namijin da zai sake barin matarsa ta zo. Shi kansa Baba ba zai ƙara kallona ba. In kuma na yi shiru, ina ji ina gani zai faɗi.

"Ban san shi ba," na ce, hawaye na zubo min.

Ta dube ni. Sannan ta koma wurin Gogo, ta durƙusa har ƙasa ta ba da haƙuri a kan katoɓararta, ta tambaya ko akwai hanyar da za a kira dodon ya dawo.

"Ba a aika wa dodo sammaci," in ji Gogo. "Amma yana da kunne. Duk abin da aka faɗa a tsakar gidajen garin nan yana ji."

Sista ta hau babur, ta ɗaga murya yadda har na gindin mangwaro za su ji. "To ni ba zan ƙara tambayar sunan kowa ba. Ina asibiti kowace ranar kasuwa da safe. Wanda ya zo, ban damu da inda ya fito ba."

Da yamma Baba ya shigo gida fes, yana ƙamshin sabulu. Inna ta ajiye masa tuwon masara da miyar busasshen kifi, ta tsaya a kansa.

"Malam, akwai farar ƙasa a bayan kunnenka. Gona ce?"

"Gona ce."

"Gonar nan taka tana da ban mamaki."

Bai kula ta ba. Ya miƙa hannu ya dumbuzi gishiri ya barbaɗa a miyar da ta riga ta ji gishiri, yana murza ƙeya kamar yadda yake yi kullum in ciwon kan da ba ya yi ya taso masa.

Na gaya wa Inna abin da Sista ta ce game da dodo, a madafa, ba tare da na kama sunan kowa ba. Ita ma ba ta kama ba. Washegari dai gishiri ya ɓace daga gidanmu. Baba ya kai loma ɗaya ya ajiye.

"Wa ya mutu da ake mana miyar makoki?"

"Gishiri ya yi tsada," in ji Inna.

Ya tashi ya shiga maƙwabta ya ranto cikin tafin hannu. Kwana uku muna wannan wasan, maƙwabta suka fara tambaya ko talauci ne ya kama mu.

Na ce masa ya zo a auna shi kamar sauran maza, tun da yanzu abin ya zama na yayi. Ya ce shi bai ga abin da ya yi wa mesa ba da zai kai mata kansa. Na ce ciwon kan fa? Ya ce wane ciwon kai? Raina ya ɓaci har na fasa ƙwarya. Babana mutum ne mai daɗin zama, amma in ya kafe, gara ka je ka roƙi dutsen Dedza ya matsa.

Ran nan da la'asar muna zaune a baranda mu uku muna ɓarar gyaɗa. Na dubi Inna, ban dubi inda yake ba.

"Inna, ni dodon nan ne yake ba ni tausayi."

"Wanne daga ciki?"

"Sindidwala. Sista ta ce jininsa ya kusa fasa mesa."

"Allah sarki," in ji Inna, tana ɓara. "Ga shi ba shi da kowa."

"Mata da surutu," in ji Baba. "Dodo yana da jini ne?"

"Haka ne, Baba, mu me muka sani. Inna, abin da ya tsaya min a rai, Baffa Kaliyati da ya faɗi a tsakar gidansa ya faɗi. Matarsa ta rungume shi, 'ya'yansa suka ɗauke shi. Har yau su ke juya shi, su ke ba shi kunu a baki."

"Su ne kam."

"Dodo fa? A tsakiyar fage zai faɗi, da fuskar itace. Mace ba ta isa ta matso ba. Maza za su ja shi cikin kurmi, makaɗa su ƙara wa kiɗa wuta don kada a gane. Ko da a ce yana da 'ya, tana nan tsaye cikin mata tana kallo, ba ta da ikon ta buɗe baki ta ce Baba. Sai dai ta ci gaba da tafi."

Na so in faɗe shi da wasa, amma muryata ta karye a tsakiya. Inna ta daina ɓara. Baba ya riƙe gyaɗa ɗaya a hannu ya daɗe bai fasa ta ba. Can ya jefa ta cikin kwando, ya karkaɗe wandonsa, ya fita.

"Ke dai bakinki ba shi da linzami," in ji Inna. Ta goge ido da gefen zane, ta turo min sauran gyaɗar.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, bai je ba. Bai yi min magana ba, ni ma na kama kaina. Na fara tunanin na ɓata goma ban gyara ɗaya ba.

A ranar kasuwa ta gaba ina asibiti, na raka wata mai ciki awo. Muna zaune a benci sai ga keke ya tsaya a ƙofa. Babana ne, cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, da hula. Ya jingine keken, ya duba bai ga bencin maza ba, ya zauna a tsakiyar masu ciki ya miƙe wuya kamar alƙali.

"Baba, wata nawa?" in ji wata mara kunya.

"Ki tambayi ubanki."

Da layi ya zo kansa, Sista ta leƙo ta ce in shigo in riƙe mata na'ura. Ko kallona bai yi ba.

"Sannu da zuwa, Baba. Me ke damunka?"

"Ni? Ba abin da ke damuna. Aiko ni aka yi."

"Wa ya aiko ka?"

"Wani ne. Ba ya shiga irin wuraren nan." Ya gyara murya. "Ya ce a gaya miki damtsensa da nawa kaurinsu ɗaya. In kin auna nawa kamar kin auna nasa ne."

Na sunkuyar da kai ina cizon leɓe. Sista kuwa ko gezau, kamar kullum dodanni ke mata aike.

"Ya kyauta da ya turo mai hankali. Cire kwat ɗin."

Ta naɗa mesa a kan tabon, ta auna, ta jira, ta sake aunawa. Ta duba idonsa, ta saurari ƙirjinsa, ta tambaya ko wanda ya yi aiken yana ciwon kai.

"Yakan yi. A ƙeya."

"Jiri fa?"

"In ya juya da sauri."

Ta ɗauko ƙwayoyi ta zuba a 'yar takarda. "Ka ce masa ɗaya kowace safiya, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Kuma ya sake aiko ka bayan mako biyu."

Baba ya juya takardar a hannu. "Akwai matsala. Ba shi da maƙogwaro."

"To ya za a yi?"

"Sai dai in riƙa haɗiye masa."

"Allah ya saka maka. Gishiri kuma ya rage."

"Shi ba ya cin gishiri."

"To mai ci masa ya rage."

Ya ɗan murmusa, karo na farko. Ya miƙe zai sa kwat, Sista ta ɗaga hannu.

"Saura ɗaya, Baba, kuma ita ce babba. Tsalle da alkafura, ya ajiye su har sai jinin ya sauka. Ba mako ɗaya ba, ba biyu ba. Wataƙila ya daɗe."

Murmushin ya tafi. Ya tsaya da hannu ɗaya a cikin kwat.

"In aka yi rasuwa fa? Wa zai raka mamaci?"

"Wannan ku kuka san shi, ni baƙuwa ce. Abin da na sani kawai, in ya yi alkafura da jinin nan, ana iya raka biyu a rana ɗaya."

Ya sa hularsa ya hau keke.

Magani dai ya sha. Kowace safiya zai tsaya a tsakar gida ya ɗaga ƙwayar sama, ya ce "Wahalar wani a kan wani," ya haɗiye. Gishiri ya koma ɗan kaɗan, da mita mai yawa. Da ya koma bayan mako biyu Sista ta ce jinin ya fara sauka, amma da sauran tafiya. Maganar tsalle kuwa ba wanda ya sake tayar da ita a gidanmu, don mun san ba a nan za a yanke ta ba.

Ana cikin haka yayar Gogo Nachisale ta rasu. Tsohuwa ce tukuf, ta ga jikokin jikoki, irin rasuwar da ake kuka kaɗan a yi rawa da yawa. Kuma kowa ya san ta sha faɗa cewa in Sindidwala bai raka ta ba, ba za ta tafi ba, za ta dawo ta riƙa zama a kan rufin mutane.

Ranar jana'iza na tashi ban ga Baba ba. Na tambayi Inna, ta ce ya fita tun da sassafe, bai ce ga inda za shi ba. Ta ɗaura zane, na ɗaura, muka tafi fage kamar masu zuwa karɓar hukunci.

Ƙananan dodanni suka yi nasu suka koma. Aka sauya kiɗa. Mata suka ɗauki waƙar, ni ce ya kamata in ja, amma na tsaya ina kallon bakin kurmi. Sai ga jar fuskar ta fito daga kurmi, da kumatunta, da gashin zabinta. Ya bugi ƙirji, ya nuna damtse, ya yi tarinsa na ɓoye, jama'a suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ƙura ta hana ni ganin hannunsa, kuma ya yi nisa. Na ji haushinsa, na ji tsoro, na ji kamar in kutsa cikin fagen in rungume shi, kome za a yi a yi. Makaɗa suka ƙara sauri, ya ja da baya yana shirin alkafura. Na rufe idona da tafin hannu biyu.

"Ke Zione, in ba za ki yi waƙa ba ki matsa, kin tare wa mutane."

Na juya. Baba ne tsaye a bayana, a inda layin mata ya haɗu da na maza, cikin baƙar kwat, hularsa a hannu. A fage na ji an dira, ƙasa ta amsa, jama'a suka ɗauki guɗa.

"Dubi saukarsa," in ji Baba. "Kamar an yar da buhun masara."

Na matsa masa, ya shigo kusa da ni. Tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa kallon rawa da babana a gefena ba. Yana ta kushe, wai an yi saurin juyi, wai ba a jira ganga ba, amma ƙafafunsa cikin takalmi suna bin kiɗan da kansu, kuma idonsa bai bar jar fuskar nan ba ko sau ɗaya. Dodo ya zo wucewa ta gabanmu, ya bugi ƙirji, gashin zabin ya kaɗa cikin rana. Baba ya daina kushe. Sai a lokacin na tuna shekara arba'in garin nan yana kallon Sindidwala, ban da mutum ɗaya.

Ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Zione. Ashe haka yake?"

"Haka yake, Baba," na ce. "Amma da ya fi haka."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗaga hular ya goge fuskarsa da ita, ya daɗe yana gogewa.

"Ƙurar nan ta yi yawa," ya ce. "Ja musu waƙar mana, ba kya ganin tsohuwa tana jira?"